Tafiyar da Na Bari a Tasha

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana,

Ina gaishe ki da gaisuwar uba, wadda fushi ba ya hana ta fita. Da fatan kin tashi lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Allah Ya kiyaye ki a tafiyar nan ta jibi, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya sauke ki Ingila lafiya, Ya raba ki da wannan cuta da ta ɗaure ni a ɗakin nan. Jikina da sauƙi. Zazzaɓin ya sauka, sai ɗan tari, sai kuma abinci da nake ci kamar ina tauna kwali. Kwana huɗu suka rage a yanke min wannan abin hannu mai ruwan hoda da ake ɗaura wa masu zaman killacewa, ke kuma kwana biyu suka rage miki. Kin ga ba za mu haɗu ba ke nan. Tun da gwajin ya nuna ina da korona na ƙi komawa gida, na hawo ɗakin saman sito, don kada a kulle gidan da ke a ciki, jirginki ya tashi ya bar ki. Shi ya sa na ɗauki biro. Idan na gama zan ɗauki hoton takardun in tura wa mahaifiyarki ta ba ki.

Kin san ko ni waye, amma bari in maimaita, don abin da zan faɗa bayansa ya yi nauyi. Ban gaji ko allura ba. Sakandare da ƙyar na gama ta, ina zuwa makaranta da safe, da yamma ina gindin darbejiya ina kwance keken ɗinki ina ɗaurawa. Ba wanda ya koya min, kekunan mutane na lalata har na iya. Daga gindin bishiya na kama rumfa, daga rumfa na kama shago a Kano. Na kai Inna aikin Hajji kafin in kai kaina. Na gina gida. Turancina a kasuwa na tsince shi, Malayancina a shagunan shayin unguwar Cheras ta Kuala Lumpur. Na zo ƙasar nan ta Malesiya ban san kowa ba sai sunan wata unguwa a bayan katin wani, yau ga sito da sunana a ƙofa, ga ku kun yi karatun da ban yi ba. Ba gwamnati, ba kawu, ba ubangida. Allah ne kaɗai, sai waɗannan hannayen.

To, mutumin da ya yi duk wannan, yau kwanansa shida yana kai kawo tsakanin ƙofa da taga kamar kura a keji. Taku bakwai ne. Na gwada a karkace ko zai kai takwas, bai kai ba. Ta tagar ina ganin jirgin ƙasa na cikin gari, MRT, yana wucewa da mutum biyu ko uku, kowa da takunkumi a fuska, ni kuma ina bin sa da ido har ya sha kwana. Ban taɓa sanin ƙafa tana jin yunwa ba sai yanzu.

Kin tuna ranar da muke cin abinci kika ce dalilin da ya sa kika zaɓi Leeds har da cewa daga can jirgin ƙasa yana kai mutum ƙauyukan kan tudu cikin ɗan lokaci, kuma akwai ɗalibai mata da suke fita ranar Asabar, su sauka a wata tasha su taka da ƙafa zuwa wata, suna ganin tsofaffin masaƙu da kufai. Fuskarki tana haske kina faɗa. Ni kuma na ajiye cokali na ce, "Na fito da ku daga daji ne don ki koma daji? Jikar manomi za ta je Ingila kallon tumaki?" Kika ce, "To, Abba." Kika tashi. Tun daga ranar, in na kira waya, abin da nake samu shi ne, "Ina kwana Abba, ya jiki," sai ki miƙa wa mahaifiyarki. Ba ki yi min rashin kunya ba. Da ma rashin kunyar kika yi, da na san ta inda zan kama. Ba na so ki hau jirgi da wannan "To, Abba" a bakinki. Ba mu san yaushe duniya za ta sake buɗewa ba, ba mu san wa zai ga wani ba.

Bakina bai iya ban haƙuri ba, kin sani. Abin da zan iya shi ne in gaya miki abin da ko mahaifiyarki ba ta sani ba. Ni ma na taɓa hawa wannan jirgin ƙasan mai zuwa ƙauyukan tudu.

Kina goye a lokacin. Na je Manchester sayen tsofaffin kekunan masana'anta, na sauka wajen Malam Sani, wani ɗan garinmu da yake karatun digiri na uku a can. Sati biyu ban ga komai ba sai sito da motar kaya. Ranar Asabar ɗin ƙarshe ya ce, "Alhaji, ba za ka koma ka ce Ingila bulo ce da hayaƙi ba. Tashi mu je ka ga bayan gari."

Na shiga ɗaki na fito da farar shadda, riga da wando da babbar riga, da hula zanna, da takalmin fata da na saya shekaranjiyar ranar. Malam Sani ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ɗaurin auren wa za mu?" Ya ɗauko min takalmin roba mai dogon wuya da wata tsohuwar rigar ruwa, ya ce na wani abokinsa ne da ya koma gida ya bari. Na ce masa ni na daina sa kwancen wani tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Bai ja ba. Ya ce, "Ƙafarka ce."

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma tun kafin mu yi nisa da tasha laka ta gaya min. Ƙasar can ba ta bushewa, Mamana. Ciyawa za ki gani kore shar, ki taka, ruwa ya fito ta gefen ƙafarki. Iska kuma ta mai da babbar rigata tanti. Don haka ki ji: mahaifiyarki ta ce min kin fitar da takalman tafiyar da kika saya daga akwati, kin tura su ƙarƙashin gado. Ki mayar da su yau. Idan kuma kin je can wata ta ba ki aron rigar ruwa ko safa mai kauri, ki karɓa ki gode. Ni na ɗauka ƙin karɓa shi ne mutunci, sai ga shi na wuni da jiƙaƙƙiyar ƙafa, mutuncin bai ɗumama ni ba.

Jirgin bai daɗe ba ya fitar da mu daga gari, ya shiga rami ya fito, sai ga tuddai. Muka sauka a wani ƙaramin gari a cikin kwari, gidajen duk na baƙin dutse, da rafi a tsakiya, da dogayen bututun hayaƙi na masaƙun da suka daina aiki. Sunan garin ya ɓace min, ban ma yi ƙoƙarin riƙe shi ba. Malam Sani yana ta bayani. Ya ce audugar da irin su babana suka noma, aka ɗora a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, wata a irin waɗannan gine-ginen ta ƙare, ta dawo mana a matsayin atamfa. Ni kuwa hankalina yana kan takalmina. Ke kada ki yi haka. In mai bayani yana bayani, ki saurara, ki yi tambaya. Ba baƙuwa ce ke a wajen ba kamar yadda za ki zata, gumin kakanki ya riga ki zuwa.

Muka hau tudu ta wata hanya mai shimfiɗar dutse, har muka iso wata katanga ta duwatsu da aka jera ba siminti. A jikinta akwai matakala guda uku. Bayanta gona ce cike da tumaki, da gidan mai gonar a can gefe. Malam Sani ya taka matakalar ya dira cikin gonar mutane, kamar gidan ubansa.

Na ce, "Malam, ina za ka?"

Ya ce, "Nan ce hanyar."

Na ce, "Wannan gonar wani ce. Ka yi sallama?"

Ya ce, "Alhaji, hanyar kowa ce, ga alama can a jikin itace. Ba a neman izini."

Na ce ni ba a haife ni inda ake tsallaka katangar mutum ba a yi sallama ba, kuma ba zan zo ƙasar wasu a kama ni a tsakiyar tumakinsu ba, baƙin mutum da babbar riga. Na zaga ta babbar ƙofa na nufi gidan, shi kuma ya biyo ni yana cewa in tsaya. Na ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ta fito, gajeriya, da hannu duk gari. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, na gaishe ta da Turancina na kasuwa, na ce mu baƙi ne, muna neman izinin ratsa gonarta. Har goro na lalubo a aljihu na miƙa mata.

Ta dubi goron, ta dube ni, ta dubi Malam Sani. Ta yi magana da wani irin Turanci da ban kama ko rabinsa ba, shi ya fassara min. Wai ta gode, amma ba za ta iya ba ni abin da ba nata ba. Gonar tata ce, tumakin nata ne, hanyar kuwa ta riga ta, ta riga mijinta, ta riga wanda ya gina gidan. Masaƙa ne suke bin ta da can su gangara wajen aiki. Ko ta so rufewa ba ta da iko. Abu ɗaya take roƙo, in mun wuce ƙyauren da ke can ƙarshe mu rufe shi, don wasu ba sa rufewa, ta wuni tana neman raguna.

Ta karɓi goron kuwa. Ta tambayi Malam Sani ko dafawa ake yi.

Shi yana dariya, ni ban yi ba. Don maganarta ta taɓa wani wuri da ita ba ta san da shi ba.

Shekara guda kafin wannan tafiyar na sayi gonaki biyu a ƙauyenmu, waɗanda burtali ya raba. Tun ina yaro ta nan shanu suke bi zuwa mashaya, ta nan mata suke bi zuwa rijiya da unguwar maƙera. Na ga gona biyu da hanya a tsakiya ba ta yi kama da gonar mai kuɗi ba. Na haɗe su, na zagaye da bulo. Mai unguwa ya zo, na nuna masa takarda. Inna, wadda kika ci sunanta, ta aiko aka kira ni. Ta ce, "Garba, ka ƙara min tafiya a tsufana." Na ce, "Inna, in don ruwa ne, gobe zan sa a haƙa miki rijiya a tsakar gida." Na kuwa haƙa, har da famfo. Da na je ganin aikin ta ce, "Ruwan na da daɗi, Allah Ya yi albarka. Sai dai rijiyar nan ba ta gaishe ni." Ban gane ba. Ko in ce na ƙi ganewa. A kan wannan hanyar take haɗuwa da ƙawayenta, a nan take jin wa ya haihu, wa ya kwanta. Zagayen ya yi wa ƙafarta nisa, sai ta daina fita.

To ga wata tsohuwa a ƙasar da ba a salla, tana gaya min hanya ba ta mai gona ba ce. Mai hankali da ya sunkuyar da kai ya wuce, ya dawo gida ya gyara. Ni fushi na yi. Na ce wa Malam Sani takalmina ya lalace, kuma ban ga abin gani a tumaki ba, muna da su a gida, namu ma sun fi tsayi. Ya ce saura kaɗan mu kai saman, daga can ana ganin kwarin gaba ɗaya, ga kuma kufan wani tsohon gini da ya fi Kantin Kwari daɗewa nesa ba kusa ba. Na ce ya je ya gaishe su. Na juya na gangaro ni kaɗai, na zauna a bencin tasha. Jirage suna zuwa suna wucewa, ba zan iya hawa ba don tikitin komawa yana aljihunsa. Awa uku na yi a wajen ina kankare laka da tsinke.

Ki riƙe wannan, Mamana. Idan magana ta sa ki fushi nan take, kafin ki gama jin ta, ki tsaya ki duba, wataƙila ta faɗo a kan ciwo ne. Ranar da kika ambaci tuddan nan a kan tabarma, ba ke na yi wa tsawa ba. Wannan bencin na gani.

Akwai wani kuskuren kuma, ƙarami a ido, amma yana ci na. Kafin mu kai gonar azahar ta yi. Malam Sani ya fitar da gorar ruwa ya yi alwala, ya shimfiɗa rigarsa a gindin katanga ya tayar da salla. Wasu Turawa biyu suna tahowa da kare. Ni, da na kai uwata Makka, na matsa gefe na juya baya ina duba agogo kamar ban san shi ba. Suka zo suka janye karensu, suka wuce a hankali, ɗaya ma ya ɗaga min hannu. Ba wanda ya tsangwame shi. Sai da na koma gida na rama. Ke ki tafi da ruwanki da ƙaramar dardumarki. Lokacin sanyi ranar can gajeriya ce, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar an koro su, in kika ce sai kin koma gari za ki tarar duka sun wuce. Ki nemi gindin katanga inda iska ba ta bugu, ƙawayenki su jira ki. Wadda ba za ta iya jiran salla ba, ba abokiyar tafiya ba ce.

Sauran ƙananan abubuwa, tunda ina da lokaci kuma ba ni da wajen zuwa. Sai kin gama zaman killacewar da za su sa ki, kada ki ce uba ya ba da izini ki fita ranar da kika sauka. Kada ki tafi ke kaɗai. Tikitinki ya zauna a aljihunki, ba na wata ba. Tun a tasha ki duba lokacin jirgin komawa, don ƙananan tashoshin ba kamar MRT ba ne da in wannan ya wuce wani yana bayansa. Ki yi guzuri daga gida, ba shagon abinci na mamak a kan tudu da za ki ce a yi miki tapau, a ƙunshe miki ki tafi da shi. Saniya mai ɗan maraƙi ki ba ta hanya, a Ingila take ko a Bichi halinta ɗaya. Mutanen can a cikin gari ba sa gaisuwa, amma a daji kowa kika haɗu da shi zai gaishe ki, to ki amsa, ki ma riga su. Ƙyaure kuwa, yadda kika same shi haka za ki bar shi. Kuma duk Asabar da kika fita ki turo wa mahaifiyarki sunan tashar kafin ki hau. Ni ki turo min hoto in kin dawo. Ba na fuskarki kaɗai ba, na hanyar.

Katangar ƙauye ba ta faɗi ba bayan na dawo daga Ingila. Na ce sai bayan girbi. Bayan girbi na ce mutane za su ce mai unguwa ya ci ni. Inna ta rasu tana nan a tsaye. Da aka ɗauko ta zuwa maƙabarta, zagayen aka bi, ina gaba ina riƙe da makara, bulona yana gefen damana tun daga farkon gonar har ƙarshenta. Duk da haka ban rushe ba. Na taho Malesiya na bar ta.

Jiya bayan la'asar, ina tsakiyar takuna bakwai, na kira baffanki Sale. Na ce ya nemi magina su fasa katangar ta gabas da ta yamma, daidai inda burtalin yake, faɗin da shanu biyu za su wuce a jere.

Ya ce, "Yaya, kai ne kake magana ko zazzaɓin?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Ai yanzu an saba da zagaye. Masu bin hanyar ma rabinsu sun mutu. Wa zai bi?"

Na ce, "Ko akuya ce ta bi. Ka fasa."

Ya ce to masarar da ke wajen fa. Na ce ya cire ya ba wa jaki. Yau da safe ya turo min hoto, an fara ta gabas. Na daɗe ina kallonsa. Ba zai dawo da Inna ba, na sani, ba sai an gaya min ba.

Na rufe wa uwa hanya, ba zan rufe wa mai sunanta ba. Ki je. Na yarda, da zuciya ɗaya, ba yardar da ake yi da baki ana harara ba. Abin da na faɗa a kan abinci na janye shi. In kin ga dama ki kira ni kafin ku fita filin jirgi, ki yi min surutunki da kika saba, da Turancin da lah ɗin nan na 'yan Malesiya duka, ba zan ce ki yi Hausa ba. In kuma ba ki shirya ba, zan jira. Jira dai yanzu na iya shi.

Allah Ya yi miki albarka, Mamana. Allah Ya sa ki gama abin da kika je yi, Ya haɗa ki da mutanen kirki a gari da daji, Ya tsare ƙafarki daga santsi, Ya tsare zuciyarki daga irin taurin tawa. Allah Ya jiƙan Inna. Ya ɗauke mana wannan annoba, Ya sa mu gana da alheri.

Saura abu ɗaya, kuma wannan ba shawara ba ce, umarni ne. Na kira Malam Sani a Zariya, ya tsufa amma bai manta ba, har ya tambaye ni ko takalmin ya bushe. Zai turo miki sunan garin da tashar. Ya ce a can saman, kusa da kufan, akwai wani ɗan ɗaki da suke ajiye littafin baƙi, duk wanda ya kai yana rubuta sunansa da garinsu. Ki bi ta gonar, ki taka matakalar, ki rufe ƙyauren, ki kai har can. Ki rubuta naki. A ƙarƙashinsa ki rubuta nawa, cikakke, da manyan baƙaƙe yadda mai gilashi ma zai gani: GARBA ƊANLAMI MAI KEKE, TUDUN MAƘERA. Kada ki sa Alhaji, kada ki sa Kuala Lumpur. In akwai wajen ƙarin bayani, ki ce ya fara tafiyar da ƙafarsa, 'yarsa ta ƙarasa masa. Rabin hanyar ni na taka, da takalmin fata, a cikin laka, ba wanda ya ɗauke ni. A rubuta.

Mahaifinki,
Garba